Rumfar Bayan Ɗakin Almustapha

"Wa ya ba ki izinin auna fili cikin gidan ubanmu?"

Mufida na sunkuye tana zuba toka a ƙasa, tana fitar da layi daga bangon ɗakinsu zuwa gindin katanga. Sai da ta kai ƙarshen layin sannan ta miƙe ta dubi Maccido, yayan mijinta.

"Ina wuni, Yaya."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Mi kike yi nan?"

"Rumfa zan kafa."

"Rumfa? Nan nike kafa rudun ajiyar albasa kowace shekara, kin sani. Ga girbi ya zo."

"Na sani, Yaya. Amma nan bayan ɗakin ƙanenka ne. Albasa ba ta rasa wuri a Aliero. Shi kuwa ba shi da inda za shi."

Maccido ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa ƙafa ya goge layin tokar ya fice. Mufida ta jira har ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa. Ta ɗebo wata tokar ta sake zubawa.

Tun ƙarshen damina mijinta Almustapha yake kwance. Motar albasa ce ta kife da su a hanyar Jega, buhuna suka danne shi. An ceto ransa, amma ƙafafun ba su sake motsi ba. Mutumin da a da yake saɓa buhu shi kaɗai yana yi wa 'yan dako dariya, yanzu sai an juya shi. 'Yan uwa sun sayo masa keken guragu, ya ce a jingine shi a bango, kada ya ƙara jin zancensa.

Da bazara ta shigo, ɗakin ya koma kamar tanda. Bayansa ya fara tsagewa, ƙuraje suna neman zama gyambo. Malamar asibitin da ke zuwa wanke shi ta ja Mufida gefe ta faɗa mata gaskiya: in bai riƙa fita yana shan iska ba, ciwon bayan nan ne zai kashe shi, ba karayar ba.

Ta wanke hannunta ta shiga ɗaki. Yana kwance ya ba ƙofa baya.

"Angona..."

"Na ji ku," ya ce, bai juyo ba. "Ki bar wa Yaya filinsa."

"Ba nasa ba ne."

"Mufi, ba na son rumfa."

"Ban tambaye ka ko kana so ba."

Sai a lokacin ya juyo da kansa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, amma idanun nan da suka tare ta a bakin makarantar allon mahaifinta a Maiyama suna nan yadda suke.

"So kike ki fitar da ni tsakar gida kowa ya zo kallo? A ce ga Almustapha can an shanya shi?"

"So nike ka rayu."

"Wagga rayuwa?" Ya bugi cinyarsa da tafin hannu. "Umma ta kira ni jiya. Ta ce in ji tsoron Allah in sawwaƙe maki, ƙuruciyarki na ƙarewa a bakin gadona. Kuma gaskiya ta hwaɗi."

Mufida ta san mahaifiyarta ta daɗe tana yi mata wannan zancen a waya, amma ba ta zaci za ta kai shi kunnensa ba.

Ta durƙusa a gaban gadon, ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"To bisimilla. Ga ni. Dubi cikin idona ka furta."

"Mufi..."

"Ka furta mana. Kalma ɗaya ce. Ba bango za ka gaya wa ba, ni za ka gaya wa."

Ya buɗe baki, ya rufe. Daga ƙarshe ya runtse ido, hawaye suka gangara cikin yatsunta.

"Ka gani?" ta ce a hankali. "Ba ka iyawa. Ni ma ba na tahiya. Saboda haka ka bar ni da rumfata."

Washegari ta kai tunkiyar da aka ba ta lokacin aurenta kasuwa, daga can ta hau mota zuwa Jega. An kwatanta mata wani mai walda, Surajo, a bakin hanyar da ta nufi Maiyama. Ta same shi cikin tartsatsin wuta, ya ɗaga baƙin gilashinsa yana mamakin ganin mace ita kaɗai.

"Hajiya, ƙofa ko taga?"

"Rumfa. Ta mara lafiya."

Ya nuna mata ta tamfol, ya ce ita ce mai sauƙi.

"Iskar farkon damina za ta yage ta. Wuce."

"To kwano zalla. Shi kowa ka yi."

Ta shiga ƙarƙashin wadda ya kafa a gaban shagonsa, ta tsaya. Ba a jima ba ta ji zafi na sauko mata a ka.

"Wannan ai ɗakin da nike son fitar da shi ne, an cire bango kawai."

Surajo ya yi dariya. "To ki koma ta kara da zana irin ta kakanninmu."

"Sanyinta nike so, amma ba na son ta zuba masa ruwa, kuma gara na cin itace." Ta ɗaga kai ta dubi kwanon. "Ba a haɗa su? Ƙafafu na ƙarfe, kwano can sama, a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, a bar tsakani iska na wucewa?"

"Ana yi. Aiki ne dai."

"Aikin na zo nema. Kuma ƙasa siminti, daidai da ƙofar ɗaki. Ba na son dakali ko tudu, keke ne zai bi."

Ya cire safar hannunsa ya dube ta da kyau. "Mahaifinki ne?"

"Mijina."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce ta ba shi kwatancen gidan.

A hanyar komawa wayarta ta yi ƙara. Umma ce.

"An ce an gan ki a Jega. Maiyama ba nisa, ki iso gida mu yi magana."

"Umma, ki gafarce ni. Gida zan koma."

"Nan ne gidanku."

"Ku kunka kai ni can, Umma, da guɗa da addu'a. Ranar ba ku ce sai in yana da ƙafa ba."

Mufida ta ji numfashin mahaifiyarta yana rawa.

"Tausayinki nike ji, ɗiyata."

"To ki yi mani addu'a. Ita nike buƙata."

Umma ta kashe wayar. Mufida ta jingina kanta da gilashin mota har suka shiga Aliero.

Ranar aiki, Surajo ya iso da hantsi, motar kaya ɗauke da ƙarafa, kwano, buhunan siminti da naɗaɗɗun zana sababbi masu ƙamshin ciyawa. Shi da abokin aikinsa suka fara haƙa ramuka a kan layin tokar. Inno, mahaifiyar su Almustapha, ta fito ta zauna a kan turmi tana jan carbi. Ba ta hana ba, ba ta kuma sa albarka ba.

An kafa ƙafa ta farko ke nan Maccido ya shigo, a bayansa amalanken shanu cike da albasa tana jira a ƙofar gida.

"Ku tsaya. Malam, tumɓuke ƙarhen nan."

Surajo ya dubi Mufida.

"Ci gaba da aikinka," ta ce.

"Ke, ni kike mayar wa magana a gaban baƙi?"

"Ban raina ka ba, Yaya. Tun da anka kwantar da shi kai ka riƙe gidan nan, ban manta ba. Amma wagga rumfa sai ta tsaya."

Ta je ta rungume ƙarfen da hannu biyu. Rana ta riga ta gasa shi, yana ƙona mata fata, ba ta saki ba.

"Inno, kina ganin abin da take yi?"

Inno ta sunkuyar da kai. "Ni dukanku nawa ne, Maccido."

"Albasar nan ita ke sayen maganinsa!" Muryarsa ta tashi. "In ta ruɓe, da mi za mu riƙe shi? Ku bar yaudarar kanku. Rumfa don wa? Don wanda ba ya sake fitowa? Almustapha ya gama, mu da munka rage mu nemi abin da za mu ci."

Tagar ɗakin a buɗe take.

Maccido kansa ya ji nauyin abin da ya faɗa, don ya kai hannu ya shafi bakinsa.

Daga cikin ɗaki murya ta fito, ba da ƙarfi ba.

"Mufi. Kawo mani keken nan."

Ta saki ƙarfen ta ruga. Ta goge ƙurar keken da gefen mayafinta. Ta sa kafaɗarta a hammatarsa, ya dafa gado, suka yi ta fama har ya zauna. Da ta kama bayan keken za ta tura, ya riƙe hannunta.

"Bari. Ni zan kai kaina."

Ya fito a hankali, taya na tirjewa a cikin yashi, hasken rana ya sa shi runtse ido. Inno ta miƙe tsaye, carbinta ya faɗi ƙasa.

Ya tsaya a gaban yayansa.

"Yaya, ban gama ba."

"Almustapha, ba haka nike nufi..."

"Haka kake nufi, kuma ba laifinka ba ne. Ni na fara hwaɗin haka ga kaina. Ita kaɗai ta ƙi yarda." Ya numfasa. "Ka kai albasa filin Baba na bakin rijiya. Ya fi nan iska, tun yana da rai yake gaya muna. Nan kuwa nawa ne, kuma matata na gini."

Maccido ya juya ya fita, aka ji yana ce wa mai amalanke ya juya shanu.

Almustapha ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen da aka kafa, ya dubi ramukan.

"Malam, ina za ka karkata kwanon?"

"Wajen ɗaki, ranka ya daɗe."

"A'a. Ruwa zai ci gindin bango. Karkata shi wajen katanga, akwai magudana can. Kuma ka rataya zana ɗaya ta yamma, ranar la'asar ta nan take dukan wurin."

Mufida ta rufe bakinta da mayafi tana dariya. "Kai da ba ka son rumfa?"

"Tun da an ƙi jin maganata, gara a yi ta daidai."

Shi ya riƙe ƙafa ta biyu da hannuwansa har aka zuba mata siminti. Aka ɗaura ƙarafan sama, aka buga kwano, aka shimfiɗa zana a ƙarƙashi. Da azahar ta yi, ana cikin aikin, Maccido ya dawo. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a katanga, ya karɓi shebur daga hannun abokin aikin Surajo ya shiga kwaɓa siminti. Inno ta shiga madafa ta damo fura a babbar ƙwarya.

Sai da daɓen ya bushe sannan suka fara zama. Mufida ta yayyafa ruwa a ƙasa, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye randa a kusurwa. Da la'asar sakaliya Almustapha ya turo kekensa daga ɗaki, ya shige inuwar ba tare da tayar ta ci karo da komai ba. Iska ta ratsa zanar ta sauko masu da sanyi.

Ta ɗaga rigarsa tana shafa masa magani a baya. Bakin ƙurajen ya fara kamewa.

"Mufi."

"Na'am, angona."

"Nuna mani hannunki."

Ta ɓoye, ya kamo. Inda ƙarfen ya ƙone ta ya yi baƙi a damtse. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora goshinsa a wurin.

"Ki yafe mani abin da na so in furta."

"Ba ka furta ba."

"Ba ni furta shi har in mutu."

Wayarta ta yi ƙara a kan tabarma. Ta ga sunan, ta ɗauka.

"Umma..."

"An ce mijinki ya fito."

"Ya fito, Umma. Ga shi kusa da ni."

Umma ta yi gyaran murya. "Rumfar taku... tana ɗaukar baƙi? Ni da Malam babanki muna tafe ranar Juma'a. Ki ce masa in ya ga dama ya yafe wa tsohuwa."

Kuka ya ƙwace wa Mufida, irin mai girgiza kafaɗa, ta kifa kanta a kan gwiwoyinsa. Almustapha ya zare wayar daga hannunta, ɗaya hannun yana bisa kanta.

"Umma, ni ne. Ku taho. Akwai wuri."