Kurciya a Ƙarƙashin Kwando

A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, akwai wata yarinya 'yar aji biyar a garin Haɗeja. Mahaifinta masunci ne. A shekarar nan kogi bai cika fadama ba. Kifi ya yi wuya, tsuntsaye kuma suka rasa wurin sha.

Wata rana malamarsu, Malama Fanna, ta ce, "Yara, tsuntsaye suna cikin wahala. Duk wanda ya mai da lambun gidansu mafakar tsuntsaye, zan zo in gani da idona. Makaranta za ta ba shi takardar shaida."

Yarinya ta koma gida da murna. A bayan ɗakinsu akwai ɗan lambu mai zogale da yakuwa da bishiyar lemo. Ta samo tsohon kasko ta cika shi da ruwa. Ta watsa gero a gefe.

Tsuntsaye suka fara zuwa. Amma da ta motsa, sai su tashi fir!

Ta ce a ranta, "To, in Malama ta zo ba ta ga ko ɗaya ba fa?"

Sai ta tokare kwando da kara, ta ɗaura wa karan zare, ta laɓe. Wata kurciya ta shiga cin gero. Ta ja zare, kwando ya kife. Ta ɗora dutse a kai.

Kurciya ta yi ta fuffuka, ta ƙi ci, ta ƙi sha. Daga cikin bishiyar lemo ana ta wani ɗan kuka, tsiwit, tsiwit. Yarinya ta ji, amma ba ta kula ba.

Da gari ya waye, ta ga wani abu a gindin lemo. Ɗan kurciya ne, ko gashin kirki bai yi ba. Ya faɗo daga sheƙa, ya mutu. Tururuwa sun rufe shi.

Ta fasa kuka. Mahaifinta ya fito da sauri. Ya dubi ɗan tsuntsun, ya dubi kwando.

Ya ce, "Wa ya kife uwarsu?"

"Ni ce, Baba. So nake Malama ta gan ta."

Bai yi mata faɗa ba. Ya tsuguna ya ce, "Yunwa ce ta sa ya leƙo neman uwarsa. Ƙishirwa ta koro tsuntsayen nan daga fadama, suka amince da ke. Ɗaga kwandon, 'yata."

Ta cire dutsen, ta ɗaga kwandon. Kurciya ta daɗe a ƙasa, kamar ba za ta iya tashi ba. Can ta yunƙura, ta haye lemo. Ashe da sauran ɗa guda mai rai a sheƙar.

Yarinya ta tona rami ta binne mataccen. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

A makaranta ta gaya wa Malama Fanna kome. Malama ta ce, "Yanzu ba ki cancanci takarda ba. Mafaka ba kurkuku ba ce. Zan zo bayan damina."

Yarinya ta share hawaye ta koma aiki. Kullum sai ta sake ruwan kasko. Ta daina ƙone busasshen ganye, tana tara shi a lungu. Ta roƙi yaran unguwa su bar shigowa da danƙo.

Sannu a hankali lambu ya cika. Kwaɗi suka samu sanyi. Bushiya ta tare a cikin ganye. Ƙananan tsuntsaye irin su tsada da marai suna sauka su yi wanka.

Bayan damina Malama Fanna ta zo. Suka zauna a kan tabarma, ba mai motsi. Ba a jima ba tsuntsaye suka sauka, har wata tsada ta zo dab da ƙafar Malama.

Malama ta yi murmushi, ta miƙa mata takardar shaida. Ta ce, "Me kika koya?"

Yarinya ta ce, "Wanda yake son tsuntsu ba ya tsare shi, Malama. Ya ba shi ruwa da inuwa, ya bar shi ya tashi. In ya ji daɗi, da kansa zai dawo."