Amsa Kafin Guga Ya Iso

Can a wani gari an yi wata yarinya mai ƙoƙari a Fiziks, sai dai ba ta iya gajarta amsa ba. Tambayar layi biyu sai ta cika mata shafi, lokaci ya ƙare. Ga jarrabawa saura mako.

Kakarta ta ja ta bakin rijiya. "Me ya sa guga ba ya nauyi a cikin ruwa, sai ya fito? Amsa kafin ya iso."

Tana cikin shimfiɗar bayani, guga ya iso.

"Surutu kika iya, 'yar nan. Sai gobe."

Kashegari ma guga ya riga ta.

Rana ta uku ta ce, "Ruwa ke tallafe shi daga ƙasa, Kaka."

"Ashe bakin yana da birki."

Ranar jarrabawa ta amsa duka, har da sake dubawa.