Masassaƙin da Ya So Ya Sassaƙa wa Bayahude Allah

A wani zamani an yi wani masassaƙi mai cika baki, yana maƙwabtaka da wani Bayahude mai suna Lawi. Ran nan ya ji Lawi yana cewa Allahnsu ɗaya ne, ba shi da jiki, ba shi da kama.

Masassaƙi ya yi dariya ya ce, "Ayya, maƙwabci, ashe gwani kuka rasa. In ban sassaƙa maka Shi ba, na bar maka gizagona."

Ya sami gungume ya sassaƙa, ya kawo. Lawi ya ce, "Sannu da aiki, gwani. Sai dai wannan yana da kai, Shi kuwa ba shi da farko."

Masassaƙi ya sare kan, ya kawo. Lawi ya ce, "Sannu da aiki, gwani. Sai dai wannan yana da ƙafa, Shi kuwa ba shi da ƙarshe."

Haka ya yi ta sara, yana gumi, har gungume ya ƙare ƙaf.

Lawi ya dubi wurin, ya ce, "Madalla, gwani, ka kusa. Sai dai naka ba ya nan, Shi kuwa yana nan."

Masassaƙi ya miƙa gizago.