Kafin Ruwan Ya Nuna

Ranar da Muhsina ta fara ganin Mujitaba, haushi ya ba ta. Ta dawo daga sayen magani, ta tarar ya tare hanya a ɗakin yara na wani ƙaramin asibiti a garin Ƙofa. Ya girke ƙaton akwatin gilashi a jikin bango, yana ta zuba gishiri a durom ɗin ruwa sai ka ce mai miyar biki.

"Malam, nan fa ɗakin marasa lafiya ne," ta ce.

Ya ɗago, suka haɗa ido. Ƙanwarta Husna ce ta cece shi daga kan gado.

"Yaya, ƙyale shi. Ya ce teku zai kawo mini."

Husna shekararta goma, rabinsu a gadon asibiti ta yi su, don sikila ta sa ta a gaba tun tana goye. Mahaifiyarsu ta rasu, Muhsina ce uwa, ita ce mai jinya. Shi kuwa Mujitaba ɗan Tudun Wada ne da ya koyi kiwon kifin ado a Legas, mai asibitin ya ɗauko shi ya haɗa wa yara abin kallo.

Ya shimfiɗa yashi, ya jera duwatsu, ya cika akwatin, ya kunna ɗan injin da ke juya ruwa da wutar sola. Daga nan ya jefa guntun ɗanyen kifi a ciki, ya goge hannunsa.

"To ina masu ran?" Husna ta tambaya.

"Sai ruwan ya nuna, ƙanwata. Sabon ruwa guba ne ga kifin teku. Wannan guntun zai ruɓe, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su tsiro a jikin duwatsu suna cinye dattin. Idan sun yi yawa, sai a kawo kifi. Abin yana ɗaukar makonni."

Muhsina ta kawar da kai. Ita ta san abin da likita ya faɗa mata a bayan ƙofa game da makonni.

Kullum da hantsi yakan zo ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya miƙa wa Husna ta girgiza. Kore guba ne, rawaya lafiya. Husna ta laƙa masa suna Mai Kifi Ba Kifi. Ita ya bai wa wayarsa ta zaɓi kifin da za a fara kawowa. Ta nuna wani shuɗi mai faɗi, ya ce wannan ɗan gata ne, ba ya jure sabon gida. Sai ta nuna wani ɗan ƙarami mai launin lemo da fararen zane.

"Wannan yana da juriya," ya ce.

"Irina ke nan. Amma biyu za a kawo, kada kaɗaici ya kashe shi." Ta kalli yayarta, ta kalle shi, ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta.

Yarinyar ta riga su gano abin da ke tsakaninsu. Ba a jima ba saƙonni suka fara yawo.

"Hasken idona, yau koren ya fara washewa. Na ga kwanonki a rufe yadda aka kawo shi. Don Allah ki ci abinci."

"Na ci. Yaushe ka zama mai gadin kwanona? Allah Ya kai ka gida lafiya, Mai Kifi."

Mujitaba ya tura kawunsa wurin mahaifinta, Malam Ubale, masunci a dam ɗin Tiga, aka nemi izini, ya ce zai duba. Tun daga ranar kunya ta shiga tsakani. Da zarar Mujitaba ya ji sallamar dattijon, sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya sulale ta ƙofar baya. Muhsina kuwa ko sunan aikinsa ba ta iya ambata a gaban babanta. Kowa ya yaba da tarbiyyarsu, amma ba wanda ya taɓa gaya wa mutumin abin da ke cikin akwatin. Husna ta ce masa teku ne, ya yi murmushi. A wurinsa ruwa ruwa ne.

Ana haka ciwo ya tashi. Ƙarin jini bai zauna ba, idanun Husna suka yi rawaya tun kafin kwalbar ta yi. Muhsina ta tare Mujitaba a baranda.

"Ka sa a turo kifin yanzu."

"Saura kaɗan, Muhsina. Idan na saka su yau, a gaban idonta za su mutu."

"Ko yini ɗaya suka yi, ai ta gani!"

"Ba zan iya nuna mata mutuwa ba."

"Ashe ka fi tausayin kifi a kan ƙanwata."

Ta juya ta bar shi. Ta so shi a ranar, ta kuma tsane shi, duka a zuciya ɗaya.

Washegari ya tafi Tudun Wada duba mahaifiyarsa. A ranar Malam Ubale ya iso da bokiti. Ya gaji da ganin 'yarsa tana kallon ruwa fanko alhali shi kifi ne sana'arsa. Ya zaɓo 'yan tarwaɗa masu ƙwari, irin waɗanda ke rayuwa ko a cikin laka.

"Baba…" Muhsina ta fara, sai kunya ta hana ta. Maganar saurayi ce, a gaban uba. Ta sunkuyar da kai.

Ya tuttule bokitin a cikin akwatin, ruwan dam da komai. Kifayen suka yi ta zabura suna dukan gilashi, suka koma juyawa a gefe ɗaya, kafin la'asar duk sun kife. Husna ta kalli abin daga farko har ƙarshe.

"Har kifi ma mutuwa yake yi a ɗakin nan," ta ce a hankali, ta juya fuskarta bango.

Akwai Sagir, ɗan ƙanwar Malam Ubale, mai baburan haya a Ƙafin Maiyaki, wanda ya daɗe yana son Muhsina ba ta kula shi. Shi ya rako kawunsa, bai kuwa bar damar ta wuce ba.

"Kawu, ruwan da ya kashe tarwaɗa ai ba ruwan Allah da Annabi ba ne. Mutum ya riƙa jefa wa ruwa nama ba kowa a ciki, wa yake ciyarwa?"

Maganar ta zaga asibitin. Ba wanda ya yarda ya sa hannu ya kwashe gawarwakin, suka kwana a ciki cikin zafin bazara. Da Mujitaba ya dawo ya gwada, kwalbar ta yi kore shar, kamar ranar farko. Malam Ubale ya aika wa kawun Mujitaba cewa a janye magana, kuma kada ya sake ganin yaron kusa da 'ya'yansa.

Mujitaba ya rubuto wa Muhsina: "Sanyin raina, na canja rabin ruwan. Ba zan bari ba. Ki gaya wa Husna suna nan tafe."

Ba ta ba shi amsa ba, amma ta karanta wa Husna. Yarinyar ta ce a gaya masa biyu fa, kada ya manta.

Husna ta rasu ranar wata Laraba da azahar, kanta a cinyar yayarta. Ba ta ga kifin ba.

Bayan an share makoki, Muhsina ta rako babanta asibitin kwashe kayan marigayiya. Suka tarar da Mujitaba a durƙushe gaban akwatin, ya rame. Wata leda tana yawo a saman ruwan, cikinta 'yan kifi biyu masu launin lemo. Yana ɗiban ruwan akwatin da cokali yana zuba musu kaɗan-kaɗan don su saba. Da ya ga dattijon ya yunƙura zai fita.

"Zauna," Malam Ubale ya ce. "Gudun nan naka ya isa."

Ya daɗe yana kallon 'yan kifin. Duk shekarunsa a kan ruwa bai taɓa ganin irinsu ba. Ya tsoma yatsa a akwatin ya kai bakinsa. Fuskarsa ta canja.

"Gishiri ne."

"Gishiri ne, Baba. Kifin teku a cikinsa yake rayuwa. Na dam ba ya iyawa."

"Ba wanda ya gaya mini." Ya dubi Mujitaba. "Gaya mini gaskiya, yaro. Da ban zuba bokitin nan ba, da ta gan su?"

Mujitaba ya sunkuyar da kai. Wannan ya isa amsa, kuma duk su ukun sun gane ta.

"Kwananta ne ya ƙare, Baba," ya ce daga baya. "Ni ya kamata in tsaya in yi maka bayani, na riƙa gudu."

"Ni ma ina tsaye ka zuba, Baba," Muhsina ta ce tana kuka. "Na sani, na kasa faɗa."

Dattijon ya share fuska da hannun riga. A gadon Husna an kwantar da wata yarinya daga Doguwa mai suna Bahijja, ta zuba wa ledar ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Mujitaba ya kwance bakin ledar ya miƙa masa. "Hannunka ya fi nawa sanin kifi, Baba."

Malam Ubale ya tallafo su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, ya sake su. Suka nutsa, suka ɓuya a bayan dutse, can suka leƙo tare. Bahijja ta yi dariya.

"Ka ce wa kawunka ya dawo," ya ce, bai juyo ba. "Kuma daga yau in ka gan ni, ka tsaya mu yi magana."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ubale, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Sagir bai zo ba. Da za a kai amarya Tudun Wada, ta roƙi a biya da ita ta Ƙofa. Ta shiga ɗakin yaran cikin lulluɓinta, ta dafa gilashin da hannunta mai lalle.

"Ga su nan, Husna," ta ce. "Biyu aka kawo, yadda kika ce."

Allah Ya jiƙan Husna, Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.