Fitilar da Na Zura a Rijiyar Sandamu

Shekara goma sha tara muna haƙa rijiya ni da Mati. Ƙa'idarmu ɗaya ce: kafin ya shiga, ni nake zura fitila da igiya. In ta mutu, akwai muguwar iska a ƙasa, ba mai shiga.

A wata gona bayan Sandamu, mun kai zurfin gaba goma sai bangon ramin ya fara tsatsafo da wani baƙin mai, yana warin kalanzir, ƙasan kuma yana huci kamar tukunya. Mai gonar ya ja ni gefe ya ce in har aka cika masa jarka ya kai Katsina a gwada, ina da kaso.

Na zura fitila, ta mutu. Mati yana can yana ɗaura igiya a ƙugu, bai gani ba.

"Lafiya lau, shiga," na ce.

Gawarsa muka jawo.

Bayan sadakar arba'in, na koma ɗauko kayan aikinmu da magariba. Na tarar da wani zaune a bakin ramin, ya ba ni baya. Na yi sallama, ya amsa, amma muryar daga ƙasan rijiyar ta fito. Da ya taso, duk inda ya ɗaga ƙafa sai baƙin mai ya ɓuɓɓugo ya cika sawun.

Ya miƙo mini igiyar, da fitilata a kashe.

"Maliki, yau ni na duba maka," ya ce. "Lafiya lau, shiga."