Muryar Baba da Ke Cikin Memori

Maƙwabciyata mai ɗinki ce ta fara ba ni wannan labari. A gidan ƙanwarta abin ya faru. Ku matso ku ji, don na san a cikinku akwai masu hannun taɓe-taɓe.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Babanta direban babbar mota ne. Yakan yi sati biyu bai kwana a gida ba. In ya tsaya hutawa a hanya, sai ya ɗauki muryarsa a waya. Wata rana waƙa zai ƙago wa yaransa, wata rana hira ce kawai. In ya dawo a zauna a saurara, ana ta dariya, don Allah bai ba shi muryar waƙa ba ko kaɗan.

Sai ya rasu. Ciwon kwana huɗu ya yi. Daga baya wayar ma ta faɗa ruwa ta mutu. Memorin kaɗai aka tsira da shi, ɗan abu kamar farce. A cikinsa akwai waƙoƙin da yake ji a mota, da muryarsa guda bakwai.

Wayar Mama ba ta da wurin sa memori. Sai ta naɗe shi a takarda, ta ajiye a gwangwanin maɓallai, can saman kwaba.

Yarinyar tana da ƙane, Auta. Yana rarrafe Baba ya rasu. Wata rana suna cin abinci ya ɗago kai ya ce, "Yaya, Baba muryarsa irin ta mai gadin makarantarku ce?"

Mama ta ajiye cokali. Ba ta ƙara kai loma ba.

Ranar Asabar da safe ta ce wa yarinyar, "Sa takalminki. Za mu sayo abin da Auta zai ji Babansa."

Shagon ɗan ƙarami ne, caja da wayoyi sun cika bango. Mai shagon dattijo ne, ya ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare. Ya fito musu da 'yar na'urar jin waƙa, shuɗiya, ba ta kai akwatin ashana biyu ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba zan ɓoye miki ba, wannan mai araha ce. Tana aiki, amma akwai taurin kai. Kun zo da memorin in gwada?"

Mama ta ce, "A'a, Malam. Ba na yawo da shi."

"To ku ji. Ku cika mata caji tukuna. In kun sa memori ta karɓa, shi ke nan. In kuwa ta yi muku wata tambaya a gilashi, kada ku amsa. Ku zare, ku kawo mini." Ya leƙo yarinyar ta saman tabarau. "Ke 'yar boko, da ke nake. Na ga yatsunki tun ɗazu suna rawa."

Yarinyar ta ce, "Na ji, Baba."

Ta ji ɗin da kunne, amma bai shiga ba.

A gida, caji ya cika amma na'urar ta ƙi tashi. Mama ta ce, "Shi ke nan, an sayar mana da gawa." Yarinyar ta jujjuya ta, ta ga wani ɗan maɓalli a gefe. Ta tura shi sama. Gilashin ya kawo haske.

Suka soka wayar kunne da ta zo da ita, suka kunna rediyon da ke jikinta. Kunne ɗaya ke magana, ɗayan shiru. Yarinyar ta ƙara danna kan wayar kunnen har ya ce ƙas. Duka biyun suka kama.

Mama ta yi dariya. "Ashe injiniya nake goyo ban sani ba."

Kan yarinyar ya fasu.

Mama shara take yi a asibiti, kuma ranar aikin rana gare ta. Tana ɗaura ɗankwali ta ce, "Kada ki taɓa gwangwanin nan. Gobe ina gida, mu sa shi tare."

"To, Mama."

Ƙarar takun Mama bai gama ɓacewa ba yarinyar ta jawo kujera. Ba mugunta ba ce. Kewar Babanta ce ke cin ta, ga kuma yabon ɗazu. Ta ce a ranta, minti ɗaya kawai zan ji, in mayar.

Ta sa memorin. Babu murya. Sai wani rubutu ya fito, da wata kalma da ba a koya musu a aji ba. A ƙasa an sa E da A'a.

Maganar mai shago ta faɗo mata. Amma ta ce, na gyara biyu, na uku ne zai gagare ni? Ta danna E.

Wani ɗan layi ya gudu daga hagu zuwa dama. Ya tsaya. Ta buɗe wurin waƙoƙi, babu komai. Ta buɗe wurin murya, babu komai. Ta zare, ta hura, ta mayar. Ta kashe, ta kunna. Fayau.

Na'urar cewa ta yi: ban gane wannan memori ba, in share shi? Ita kuma ta ce mata share.

Ta zauna a ƙasa. Auta ya shigo da motarsa ta gwangwani ya ce, "Yaya, me ya cije ki?"

"Ba komai. Tafi ka yi wasa."

A nan ne ya kamata ta tsaya. Amma tsoro ba ya barin yaro ya tsaya. Ta ruga gidan ƙawarta, wadda yayanta ke da kwamfuta. Ta ce ya tura mata tsofaffin waƙoƙi, irin na direbobi. Tunaninta, in Mama ta ji waƙoƙi, za ta ɗauka memorin yana nan lafiya, na'urar ce ba ta ganin murya.

Saurayin mai kyauta ne. Ya ce, "Ƙanwata, yau sai kin gaji da ji." Ya cika mata shi kusan fal.

Ta naɗe shi a takardarsa, ta mayar gwangwani.

Ranar Lahadi Mama ta yi wa Auta wanka, ta sa masa riga mai kyau kamar zai tarbi baƙo. Suka zauna a tabarma. Mama ta yi bismillah ta sa memorin. Waƙa ta tashi. Ta wuce ta, wata ta tashi. Ta wuce, ta wuce.

"Wannan ban san ta a motar Babanku ba."

Yarinyar ta ce, "Ai yana da su da yawa, Mama. Ina jin na'urar ce ba ta iya murya ba."

Auta ya cire wayar daga kunnensa. "Baban bai zo ba?"

Mama ta ce, "Zai zo gobe." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar Litinin a makaranta yarinyar ba ta rubuta ko layi ɗaya ba. Malama ta tsaya a kanta.

"Ke da bakinki ba ya hutawa, yau lafiya?"

"Malama, in mutum ya ɓata abu, kuma ba wanda ya gani fa?"

Malama ta dube ta da kyau. "Shi ai ya gani. Ki je ki faɗa wa mai abin yau. Kada ki kai gobe."

Da aka tashi, ta tarar Mama na jiran ta a ƙofar gida da na'urar a hannu. Sai shago.

Mama ba mai faɗa ba ce, amma ranar muryarta ta tashi. "Malam, ka ji tsoron Allah. Muryar maigidana marigayi ce a ciki. Abinka ya ƙi nuna ta, ko ma ya cinye ta."

Mutane biyu da ke shagon suka juyo. Dattijon ya ce, "Subhanallahi. Yi haƙuri, baiwar Allah. In laifin kayana ne, ni zan ɗauka."

Ya sa memorin a kwamfutarsa. Ya duba, ya sake dubawa. Sai ya cire tabarau, ya dubi yarinyar. Ya gane, amma ya ƙi tona ta. Yana jira.

Mama kuwa na cewa, "Ka gani ko? Ka gani?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Mama, ba shi ba ne. Ni ce. Na sa shi ba kya nan. Ta yi tambaya na danna. Sai na je aka tura waƙoƙi don kada ki gane."

Mama ta dafa kanta, ta zauna a benci. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta yi zagi ba. Da ta doke ta ma da ya fi wa yarinyar sauƙi.

Can ta ce, "Malam, ka yafe mini. Na ɗora maka abin da ba ka yi ba."

"Ba komai, wallahi." Ya juya wajen yarinyar. "Zo nan, 'yata. Kin san allon ajinku? In an goge shi sama-sama, ana iya hango rubutun jiya. Amma in an yi sabon rubutu a kai, na jiya ya tafi. Da ranar kika kawo mini shi, da duka bakwai ɗin na fito da su. Dannawar ba ta kashe su ba. Waƙoƙin da kika zuba ne suka hau kansu."

"To yanzu babu ko ɗaya?"

"Wanda ya tura waƙoƙin ya bar ɗan wuri. Bari mu gani."

Suka zauna har inuwa ta tsallaka titi. Yarinyar ta kasa kallon Mama. Can dattijon ya yi gyaran murya.

"Biyu. Ɗaya cikakkiya, ɗaya rabi."

Ya juya su yadda na'urar za ta gane. Ya zuba su a memori biyu, ya ce a raba musu wurin ajiya.

Mama ta tambaya a hankali, "Ta ƙarshen fa? Wadda ya yi mini ni kaɗai?"

Ya girgiza kai. Mama ta goge ido da bakin mayafi. Wannan kam ta tafi har abada.

A gida, aka sa wa Auta waya ɗaya a kunne, Mama ta sa ɗayar. Muryar Baba ta fito, da ƙarar motoci a bayansa. Waƙar da ya yi wa Auta ce yana jariri, yana ce masa sarkin kuka mai kumatun balan-balan. A tsakiya tari ya sarƙe shi, ya yi dariya.

Auta ya buɗe baki. "Ni yake wa?"

"Kai yake wa."

"Bai iya waƙa ba!"

Mama ta yi dariya har da hawaye. Ta miƙa hannu ta jawo yarinyar daga bakin ƙofa inda ta rakuɓe. Ta cire wayar kunnenta ta sa mata.

Ta ce, "Na yafe miki. Amma ki riƙe wannan. Kuskurenki na farko yana da gyara. Ɓoyewar ce ta raba mu da biyar. In kin yi ɓarna, ki faɗa nan take, ko da jikinki na rawa."

Ku ma ku riƙe, jikokina. Abin da ba ku gane ba, kada ku danna, ku tambaya. In kun riga kun ɓata, ku faɗa da wuri.

Washegari da safe yarinyar ta riga kowa tashi. Ta ɗauko sabon littafin rubutu, ta zauna kusa da Mama a kicin. Suka fara tuno abin da Baba ya faɗa a cikin biyar ɗin da suka ɓace. Mama ta tuna layi, ita ta tuna layi, tana rubutawa. Kafin ruwan wanka ya yi zafi sun cika shafi biyu. Auta ya fito yana murza ido, ta zaunar da shi a cinyarta, ta fara koya masa waƙar farko.