Damin Irin da Ya Zama Lefe

Barakatu na tsugune a tsakar gida tana wanke-wanke, amma kunnenta na ɗakin mahaifiyarta, Inna Hasana, inda ake zuge akwatin lefen da dangin Ikrima suka kawo. Akwati ɗaya ne tal: 'yan atamfofi, mayafi, takalmi da turare. Inna ta ɗaga atamfa guda da yatsu biyu ta taɓe baki.

"Wannan ne lefen? 'Yata mace tilo, a kawo mini akwati ɗaya sai ka ce za a kai yaro makarantar kwana?"

Sagir, yayan Barakatu, ya saki dariya daga bakin ƙofa. "Inna, ai na gaya miki gayen nan lokal ne. Ga shanun huɗa, ga damman iri a rataye, amma wai setin akwati ya gagare shi. Maƙo ne kawai."

Mahaifinsu, Malam Ɗantsoho, manomi ne a wani ƙauye kusa da Baure. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya ƙaunar a ce wani ya fi shi. Da ya ji an ce lefen 'yar maƙwabcinsa ya cika ɗaki, nan take ya yanke magana.

"A mayar musu. A gaya wa yaron, in ruwan shuka ya sauka bai cika lefe ba, na janye alkawarina."

Abin haushi, tun da aka ƙaddamar da shari'a babu Juma'ar da liman ba ya wa'azin a sauƙaƙa aure. Kowa zai gyaɗa kai a masallaci, ya koma gida ya ƙara akwati. Barakatu ta kife kwanon da ke hannunta ta shige ɗaki tana kuka, don Allah ya sani tana son Ikrima har cikin ranta.

Da la'asar ya zo zance, suka tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida. Idanunta sun kumbura.

"Ikrima, ka sayar da sa ɗaya mana, ko irin nan da kake ta ɓoyo. Ashe gero ya fi ni daraja a wurinka?"

"Haba Barakatu, kar ki faɗi haka. Wallahi ban da iyayena babu wanda ya kai ki a zuciyata." Ya jingina da darbejiyar. "Kin san yadda ake yi a gidanmu. Ranar girbi sai a zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, a ɗaure dami kashi biyu a rataye inda hayaki ke bugu. Ɗaya na shuka, ɗaya na ko-ta-kwana, in ruwa ya ɗauke shukar farko ta ƙone. Haka kakana ya yi, haka babana. In na sayar na sai miki akwati, baɗi da me zan ciyar da ke? Atamfa?"

"Yaya Sagir ya ce bana gwamnati za ta raba iri."

"In ta raba, Allah ya amfana. Ni dai ba zan ɗauko ki daga gidan ubanki in zaunar da ke jiran motar irin gwamnati ba."

Ta juya ta shige gida ko sallama babu. Ta ji zafin maganar, amma ta kasa cire ta daga ranta.

Ita kuwa Inna, sai ta ƙudura za ta kunyata dangin ango da kayan ɗaki, su gani su san ba gidan ƙananan mutane suka zo ba. Matsalar ita ce babu abin sayarwa a gidan sai irin geron da ke saman rumbu. Sagir, wanda ba shi da aiki sai bin wani ɗan siyasa yana riƙe masa waya, shi ya kawo dabara.

"Baba, a sauke irin nan a kai Daura. Yanzu yake tsada."

Malam ya ɗago da sauri. "Iri fa? Ubana ko a shekarar yunwa bai taɓa iri ba."

"Wancan zamanin ya wuce, Baba. Oga ya faɗa da bakinsa, za a kawo iri mai kwaliti, da taki, har da tarakta. Kai dai ka kwantar da hankalinka, ni ne a wurin."

Inna ta sa baki, Sagir ya ƙara zuga, tsoho ya sakar musu. Aka sussuke irin kakanni aka ɗora a mota, aka dawo daga Daura da kujerun kushin da gado mai madubi. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo, Inna baki har kunne. Barakatu kaɗai ce ta ɗaga kai ta kalli saman rumbu, ta ga wayam.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba, ruwa mai yawa, har ƙasa ta yi ƙamshi. Da gari ya waye duk ƙauyen ya fashe zuwa gona, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙwaryar iri. Sagir ya hau babur ya tafi neman ogansa, ya dawo da azahar fuska a murtuke. Oga ya yi tafiya, wayarsa a kashe, motar iri kuma an ce a ƙara haƙuri.

Malam Ɗantsoho ya zauna a zaure, sungumi a jingine a gefensa. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Malam, ba a fita ba?" Shi kuwa ya gwammace ya mutu da ya buɗe baki ya roƙi iri da furfurarsa. Laima kuma ba ta jiran kowa. In ta bushe, damina ta wuce gidan.

Barakatu ta leƙa ta ga babanta yana goge ido da bakin rawani. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba. Ta zari mayafi, ta ce wa Inna tana zuwa, ta nufi gonar su Ikrima. Ta same shi yana sara rami, ƙafafunsa duk taɓo.

"Ikrima, ban zo maganar lefe ba. Na gane abin da ka faɗa mini, ka yafe ni. Babu ƙwayar iri ko ɗaya a gidanmu."

Ya dafa sungumi ya dube ta. Abin da ya rage masa irin ko-ta-kwana ne kawai. In ya ba da shi ruwa ya ɗauke, shi ma ya shiga uku, kuma yau ce ranar da aka ce za a hana shi ita.

"Koma gida," ya ce. "Ina nan tafe."

Kafin la'asar amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidan Malam. Ikrima ya sauke damman iri, baƙi ƙirin da hayaki, zangarniya doguwa cike da ƙwaya. Ya durƙusa.

"Baba, ga wannan a shuka tun da laima. Ba don maganar aure na kawo ba. Hukuncin da ka yanke, ni mai biyayya ne."

Tsoho ya ɗauki zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallon ƙwayar. Sannan ya ƙwala wa Inna kira.

"Hasana, fito ki karɓi lefen 'yarki. Ya cika!"

Inna ta fito, ta kalli damman, ta kalli kujerun da ke ɗaki, kunya ta rufe ta. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ni ce na so in kai mu ga halaka." Sagir ya tuɓe takalmin gayunsa ya ɗauki sungumi. Barakatu kuwa tana bayan ƙyaure, kuka take tana dariya.

Allah cikin ikonsa ruwa bai ɗauke ba. Motar irin da Sagir ke jira ta iso daga baya, lokacin gero ya kai gwiwa. Bayan girbi aka ɗaura aure da akwatin nan guda ɗaya, aka sayar da gado mai madubi aka sai wa amarya tunkiya.

Don haka 'yan uwa, mai neman aure a duba abin da ya tanada da hannunsa, ba abin da ya ce za a kawo masa ba. Gidan da ya riƙe irinsa ba ya zaman jiran kowa. Har yau duk kaka Barakatu ce ke zaɓar zangarniya da kanta, ta ɗaure kashi biyu, kuma ko Ikrima bai isa ya taɓa na biyun ba sai ya tambaye ta.